Igiyar Baba Kafinta

Ranar da aka kwance igiyar Baba Kafinta ina kan keken ɗinkina, kuma ban tashi ba. Da wannan zan fara, don kada wani ya gama jin labarin nan ya ce ni Mai Talata mutuniyar kirki ce. Na ji wuƙa tana cin igiya, na ji zobban ƙarfe suna faɗuwa a kan siminti ɗaya bayan ɗaya. Na ɗage ƙafa daga kan keke na saurara, sannan na mayar da ita na ci gaba da ɗinkin rigar mutane.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Shekara huɗu ke nan da idanunsa suka rufe, matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu kowa yana gidansa. Ya ce babu inda za shi, kowace ƙofa da taga ta gidan nan shi ya kafa ta da hannunsa, sai dai a fitar da shi a kwance. Sai mu 'yan layi muka raba shi a tsakaninmu, gida bakwai kwana bakwai. Nas, wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya, ta ɗauki Litinin, ta auna masa jini ta jera masa maganin mako a murafun kwalba. Ni Talata: abinci, wanki, da ɗinke abin da ya yage. Mai aski ya ɗauki Alhamis. Sauran ma kowa da ranarsa. Makullin gidan yana rataye a ƙusa bayan ƙofata, mai rana ya zo ya ɗauka, da yamma ya dawo da shi. Abin ya tafi daidai har muka ƙara da tsohuwar gida na uku mai ciwon ƙafa.

Baba ba shi da kalanda. Da sallamar wanda ya shigo yake sanin ranar, har ya canza mana sunaye. In na makara sai in ji shi daga ɗaki yana cewa, "Yau Talata ta yi nauyin jiki, ko Laraba ce ta taka mata zani?"

Igiyar kuwa aikin direban babbar mota ne da ke ƙarshen layi. Shi da Baba suka wuni suna aunawa. An zura ta cikin zobban ƙarfe da aka kafa a bango. Ta taso daga bakin gado, ta bi baranda, ta sauka tsakar gida, ta je famfo, ta je bayi, ta ƙare a bencin ƙofar gida inda yake shan hantsi. Yana tafe hannunsa na dama a gefensa yana shafa ta. Ƙulli biyu ƙofa ce. Ƙulli ɗaya a baranda yana gaya masa saura taku guda ya iso matakala. Da ita yake wanka, da ita yake ɗebo ruwansa, ba ya kiran kowa. Kowace safiya ina jin zobban suna kacau-kacau a jikin bango, in san ya tashi lafiya, in ɗora ruwan shayi.

Babban ɗansa yana sayar da tayil a bakin titi, Mai Tayil kowa ke ce masa. Wata safiya ya zo da mota cike da kwalayen tayil, aka sauke su a tsakar gidan Baba, sannan ya leƙo wurina da fara'arsa.

"Yaya, sannu da aiki. Wallahi kun yi ƙoƙari, Allah ya saka muku. Amma daga yau na karɓa."

"Ka karɓi me?"

"Baba mana. Ana ta yi da ni a gari, wai maƙwabta ke ciyar da ubana ina raye. Kuma wannan igiya, haba Yaya! Baƙo ya shigo ya ga an zagaye tsoho da igiya sai ka ce akuya."

"Ai ba shi aka ɗaure ba, bango aka ɗaure."

"Duk ɗaya ne a idon mai kallo. Kuma masu lodi suna harɗewa da ita." Ya miƙo hannu. "Makullin fa?"

Na ba shi. Da hannuna na cire shi daga ƙusa na ba shi. Na ce a raina ɗansa ne, jininsa ne, ni wace ce da zan tsaya tsakanin mutum da ubansa? Har da ce masa Allah ya yi albarka. Da yamma ya sa wa ƙofar gidan sabon kwaɗo ta waje, wai saboda ɓarayin kaya.

Washegari ban ji kacau-kacau ba. Na jawo durom ɗin ruwa na hau na leƙa ta kan katanga. Kwalaye sun fi tsayin mutum, an bar wata 'yar hanya a tsakaninsu. Baba yana tsaye a baranda, hannunsa na dama yana lalube a iska inda igiya take a da.

"Baba, ina kwana?"

"Mai Talata? Yau ai ba ranarki ba ce."

"Ta katanga nake. Ina za ka?"

"Bayi, 'yata. Na san hanyar a kaina, sai dai hanyar ce ba ta nan."

Na yi ta gaya masa daga sama. Taku biyu gaba, juya hagu, a'a Baba, ɗaya hagun. Ya buge ƙwauri da kwali, ya yi dariya, ya ce ni ma makauniyar direba ce. Ranar mun yi dariya mu biyu, don mun ɗauka abin na kwana biyu ne.

Da kwalayen za su zauna wuri ɗaya da ya haddace su, don Baba ba ya mantuwa. Amma kullum ana ɗiba ana ƙarawa. Hanyar da ya koya jiya, yau bango ce. Abinci kuma Mai Tayil ne ke kawowa a kula in ya zo lodi. Ranar da babu lodi babu abinci. In ya zo ma a kan kwali yake dire kular ya ce, "Baba ga abinci nan," ya fita yana waya. "Nan" ɗin nan, a wurin makaho, ina ne? Sau biyu ina hango kular a rufe har washegari, tururuwa sun yi mata layi.

Na fara zura masa abinci a bokiti da sandar labule. Sai ya yi rabin awa kafin ya iso jikin katanga, ya zauna a ƙasa ya ci, ina tsaye a kan durom kamar ɓarauniya.

"Baba, ka yi masa magana mana."

"Yaro ne, yana da uzuri. Kasuwa ba ta da daɗi, hayar sito ta yi tsada. Ni na ce ya ajiye."

"Kai ka ce ya yanke igiya?"

Ya suɗe yatsa. Can ya ce, "Shinkafar nan gishiri ya yi mata kaɗan."

A mako na biyu na lura in na zura masa ruwa sai ya kurɓi kaɗan ya ture. Na ce me ya faru? Ya ce ba ya jin ƙishirwa. Leɓɓansa kuwa duk sun tsage. Sai da na matsa masa sannan ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, in bai sha ba ba zai nemi bayi ba.  Mutumin da ke wanka sau biyu a rana, ya goge takalminsa ko ba inda za shi.

A mako na uku ya daina fitowa baranda sai in na kira shi. An sa masa bokiti a ɗaki, kuma ba kullum ake zubarwa ba. In iska ta kaɗo har ɗakin ɗinkina nake ji. Murafun maganin Nas masu lodi sun share su, aka zube masa ƙwayoyin duka a leda ɗaya, yana lalube ya ɗauki wadda ta zo hannu. Ya fara kirana ta katanga, ba don abinci ba.

"Mai Talata, yau wace rana ce?"

"Asabar, Baba."

"Asabar. To." Bayan awa biyu ya sake tambaya.

Muka yi gayya mu uku, ni da Nas da mai aski, muka je shagon Mai Tayil. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa aka kawo mana lemo mai sanyi. Nas ta yi masa bayani dalla-dalla, na magani, na ruwa, na ƙafar tsoho da in ta zauna ba ta ƙara tashi. Ya yi ta gyaɗa kai.

"Duk na ji, Mama Nas. Amma ku duba nawa nauyin. Shago, yara, makaranta, ga Baba. Ni kaɗai. Kuna tsammani ba na jin tausayinsa? Ubana ne fa."

Mai aski ya ce, "To ka ba mu makulli ɗaya, mu ci gaba yadda muke yi. Ba mu taɓa cewa mun gaji ba."

"Kayan mutane ne a ciki, Kawu. In kwali ɗaya ya ɓata, da wa zan yi rigima? Ba na so mu ɓata da ku."

Na ce, "To igiyar kawai. Ka mayar masa da igiyarsa."

"Yaya, ke har yanzu igiya." Ya yi murmushi. "Magana ta gaskiya, Baba ya wuce zaman shi kaɗai. Ina shirya masa ɗaki a gidana, da fanka da talabijin. Ku ɗan ƙara haƙuri."

Talabijin! Na buɗe baki, Nas ta taka mini ƙafa.

A hanya na kira autar Baba, wadda ke aure a nesa. Ta yi kuka sosai a waya, ban hana ta ba. Da ta gama ta ce, "Anti, ni me zan ce? Yayana ne, ni kuma ina gidan wani. Kuma ya ce mini Baba ya fara rikicewa, ko ranaku ba ya ganewa. Jiya ma ya kara masa waya a kunne, na tambaye shi yau wace rana ce, ya kasa."

"Don an hana ranakun shiga ne!"

"Na'am?"

Don haushi na kashe wayar.

Mai aski ya ce mu fasa kwaɗon kawai, abin da zai faru ya faru. Nas ta ce a'a, gobe a ce tsofaffin layi sun fasa sito, 'yan sanda su kwashe mu, wa zai kula da tsohuwar gida na uku? Muka ce a ba shi mako guda ko zai yi tunani. Mako ya wuce muka ƙara masa wani. Kullum muna taruwa a ƙofar shagon mai aski muna Allah wadai, kowa ya koma gida ya ci abincinsa. Ni ma haka.

Ranar kwana talatin da huɗu, da rana tsaka, na ji rugugin kwalaye, sannan ƙarar tayil yana tarwatsewa, sannan shiru. Ko ihu bai yi ba. Na fita ba takalmi ina kiran mai aski. Ya zo da guduma, bugu uku kwaɗon ya faɗi. Ashe bugu uku ne kawai tsakaninmu da shi duk kwanakin nan.

Muka same shi kwance a tsakanin fasassun tayil, kofi a hannunsa bai saki ba. Ƙishirwa ce ta ci ƙarfinsa ya nufi famfo. Ƙwaurinsa ya tsage, jini ya jiƙa wando. Da mai aski ya ɗaga shi sai ya dube ni, don ba nauyi ko kaɗan. Nas ta wanke ciwon ta naɗe da bandeji, muka zaunar da shi a bakin gado. Ya shanye kofi uku na ruwa a jere, yana sha yana ba mu haƙuri a kan warin ɗakin.

Mai Tayil ya iso a guje. Na ga inda idonsa ya fara sauka, kuma ba a kan ƙafar ubansa ba ne. Sannan ya shigo ɗaki ya dafa kai.

"Kun gani ko? Kun gani da idonku? Abin da nake ta gudu ke nan. Da ya mutu a nan, ni za a zaga. Yau ɗin nan zan tafi da shi."

Baba ya ce, "Babba."

"Baba ka yi shiru, ka ji ciwo."

"Babba, ka saurare ni. Ban taɓa roƙonka komai ba." Ya lalubo hannun ɗan ya riƙe da hannu biyu. "Shekara huɗu da igiyar nan ban faɗi a gidan nan ba, ko sau ɗaya. Ka tambaye su. Ka ba ni igiyata kawai. Kayanka su zauna, ka ɗauki tsakar gidan duka, ka ɗauki ɗakin mahaifiyarka. Ka bar mini hanya ɗaya da igiya. A can ban san inda ƙofa take ba, ban san inda bango yake ba. In ka kai ni can, zama zan yi har in mutu."

Mutanen layi sun cika ƙofa, kowa yana ji. Mai Tayil ya dube su, ya goge gumi. "Shi ke nan. A ɗaura masa. In ya je famfo ya dawo da ƙafarsa ba wanda ya taɓa shi, na bar shi. In ya kasa, kada wanda ya ƙara ce mini komai. Kun yarda?"

Ko da gaske yake, ko don idon mutane ya faɗa, har yau ban sani ba. Muka ce mun yarda.

Tsohuwar igiyar an yanyanka ta an ɗaure kwalaye. Direba yana kan hanya, sai bayan kwana uku zai dawo. Na ruga gida na tsinko igiyar shanyata, kayan mutane suka zube a ƙasa ban ko waiwaya ba. Maza suka ture kwalaye, mai aski ya kafa ƙusoshi a tsofaffin ramuka. Ni na ja igiyar daga gado, na yi ƙulli biyu a ƙofar ɗaki, na bi baranda. Ina sauri, Mai Tayil yana duban agogo. Da na iso matakala na dube ta, na yi ƙulli ɗaya daidai a kanta. Shekara huɗu ina wuce igiyar nan kowace Talata, ban taɓa rufe ido na bi ta ba.

Baba ya miƙe. Da hannunsa ya taɓa igiya sai na ga bayansa ya miƙe, fuskarsa ta saki. Ya ce, "Wannan ta shanya ce, tana ƙanshin sabulu." Aka yi 'yar dariya. Ya wuce ƙulli biyu, ya fito baranda. Ƙafafun suna rawa amma suna tafiya, ɗaya bayan ɗaya, yana ɗingisa mai ciwon. Nas tana addu'a a bayana. Hannunsa ya taɓa ƙulli ɗaya. Ya gyaɗa kai, ya ɗaga ƙafa ya yi cikakken taku, irin na wanda ya san saura taku guda a kan siminti.

Babu siminti a wurin. Matakalar ba ta fi tsayin tafin hannu ba, amma ya tafi gaba ɗaya, ya faɗi a kan gwiwoyi da hannaye, bandejin ya sake jiƙewa.

Ba wanda ya motsa. Yana durƙushe ya ɗaga hannu ya bi igiyar baya har ya sami ƙullin, ya sauke hannun ya shafa bakin matakala. Na ga lokacin da ya gane. A lokacin ni ma na gane.

Na ce, "Ni ce! Ƙullin ne, ban sa shi a wurinsa ba! A bari in gyara, ya sake!"

"Yaya, ya isa," in ji Mai Tayil. "Mun yi magana a gaban mutane."

"Baba, gaya masa! Gaya masa ƙullin ne!"

Baba ya ce, "Ƙafar ce ta gaza, 'yata. Ƙullinki lafiya lau."

Yadda ya rufa wa ɗansa asiri kwana talatin da huɗu, haka ya rufa mini. Na zauna a kan kwali na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, ba wanda ya ce in yi shiru.

Kafin la'asar an zuba kayansa a buhu biyu. Da za a fita da shi ya ce a tsaya, ya shafa ƙofar gidan daga sama har ƙasa, ya ce wa mai aski ƙusar da ke riƙe ƙofar ta ƙasa ta saki, a samu a ɗaure ta kafin damina. Sannan aka sa shi a mota. Washegari da sassafe magini ya zo ya fara fasa bangon ɗakinsa. Ko tef ɗin awo bai fito da shi ba, ashe ya riga ya auna tun tuni.

Sai bayan mako uku na iya zuwa. Mota biyu na shiga, na hau bene hawa uku, igiyar shanyata a cikin jaka. Matar Mai Tayil ta karɓe ni da mutunci, ba zan yi mata ƙarya ba. Gida tsaf, tayil ko'ina yana sheƙi, ni mai ido ma sai da na taka a hankali.

"Mun yi mun yi ya tashi, Anti, ya ƙi," in ji ta. "Ko bayi ba ya zuwa, sai dai mu sa masa nafkin. Tsufa ne."

Na ce na zo da igiya, ƙusa huɗu kawai za a kafa. Ta ce wayyo, mai gidan haya ya hana a taɓa bango, kuma Abban yara ba ya son maganar igiyar nan.

Yana ɗakin ƙarshe a kan katifa, ya jingina da bango, talabijin tana ta surutu a gabansa. Ƙafafunsa sun zama kamar sandar labulena. Gemu ya cika masa fuska. Na yi sallama.

Ya ɗago kai da sauri. "Mai Talata! Ashe yau Talata ce."

Asabar ce. Na ce, "Eh, Baba."

"Kin gani, su ce na rikice. Tun da na zo nan ranaku ba sa shigowa, sai dai a buɗe ƙofa a rufe." Ya lalubo hannuna. "Kin yi nauyin jiki wannan karon."

Na ce masa ya yafe mini ƙullin. Ya matse hannuna. Can ya ce, "Ke ai ɗaurawa kika yi, kika kuskure. Bar wannan maganar." Ya tambayi tsohuwar gida na uku, ya tambaya ko direba ya dawo lafiya, ya tambaya ko an gyara ƙusar ƙofa. Na ce an gyara. Ƙofar tana jingine a bola, an sa ta ƙarfe mai naɗewa a wurinta.

Da zan tafi ya shafa gemunsa ya ce, "To jibi Alhamis ke nan. Ki gaya wa mai aski ya taho da sabuwar reza, abin ya yi yawa."

Na gaya masa. Mai aski ya rufe shago ranar Litinin, don ita ce jibin Baba, ya ɗauki jakarsa ya shiga mota biyu. Maigadi ya tare shi a ƙofa. Ya ce Mai Tayil ya ce kada a ƙara barin 'yan tsohon layi su hau, wai tun da na je tsoho ya ƙi cin abinci yana ta tambayar gida, muna tayar masa da hankali. Mai aski ya tsaya a rana har azahar yana kallon tagogin hawa na uku, bai san wacce ce ba, ya dawo.

In ka tambayi Mai Tayil yau zai ce maka ya ɗauke ubansa daga hannun maƙwabta ya kai shi gidansa, kuma mutane za su sa masa albarka. Ba ƙarya ya yi ba. Bai taɓa zaginsa ba, bai taɓa ɗaga masa hannu ba. Igiya kawai ya yanke, ya sa kwaɗo, ya jira. Autar ta yi kuka. Mu kuma muka yi kara, muka sha lemo, muka ba shi mako guda. Duk cikinmu babu mugu ko ɗaya da za ka nuna da yatsa, amma tsohon da ke ɗebo ruwansa da kansa wata biyu da suka wuce yana can a kan katifa cikin nafkin yana jiran Alhamis.

Makullin tsohuwar gida na uku ba ya kan ƙusa yanzu. A wuyana yake, a jikin zare, da shi nake wanka. Jiya da yamma ɗanta ya zo, yaro mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce mun yi ƙoƙari, Allah ya saka mana, amma mutane sun fara magana, kuma yana da 'yan kaya da zai ajiye a ɗakin gaba na kwana biyu. Ya miƙo hannu.

Na ce masa ya fara zuwa hawa na uku ya tambayi Baba Kafinta yau wace rana ce. In ya dawo da amsa, sai mu yi maganar makulli.